Oumarou Ganda: Ɗan dakon da ya ari sunan jarumin Amurka, ya bar duniya da nasa

Duk wanda ya zauna a fadar matasa a Maraɗi, ko ya hau kabu-kabu zuwa Tibiri ko Jiratawa, ya san cewa samari da yawa sunaye biyu gare su. Akwai na yanka, akwai kuma wanda suka ɗauko daga fim ɗin Indiya, ko na Kano, ko filin ƙwallo. Wannan al'ada ta girmi wayar salula da tauraron ɗan'adam. A shekarun 1950 wani ɗan Nijar da ke dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan ya amsa sunan jarumin Amurka Edward G. Robinson, kuma daga nan ya kama hanyar da ta mayar da shi ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na Afirka. Sunansa Oumarou Ganda.

Daga Yamai zuwa fagen yaƙi

An haifi Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne, kuma a nan ya yi firamare. Yana da shekara 16 ya shiga sojan Faransa, a 1951, aka kai shi yaƙin Indoshin, inda Faransa ke fafatawa da 'yan gwagwarmayar Biyetnam. Faransa ta sha kaye a Dien Bien Phu a 1954. Ganda ya dawo gida bayan yaƙin, ya nemi aiki ya rasa.

Sai ya yi abin da dubban matasan Nijar ke yi har yau: ya tafi ci-rani. Ya sauka a Treichville, unguwar talakawa da baƙi a Abijan ta ƙasar Kodebuwa, yana sauke kaya daga jiragen ruwa, ana biyansa kuɗin yini. Ranar da aka ɗauke shi aiki ya ci abinci, ranar da ba a ɗauke shi ba sai abin da hali ya yi.

Samarin unguwar suna da wuraren huce gajiya: gidan rawa, filin dambe, da gidan silima, inda ake nuna finafinan kaboyi da na 'yan ta'adda daga Amurka da Faransa. A kan allon ne suke ganin maza masu kwat da mota waɗanda ba a yi musu tsawa.

Sunan aro

A Abijan Ganda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ke nazarin rayuwar 'yan ci-ranin Nijar. Rouch ya ɗauke shi aikin tattara bayanai, daga baya ya sa shi gaban kyamara. Sakamakon shi ne fim ɗin Moi, un noir, wato Ni, baƙar fata, wanda ya fito a 1958.

Matasan da suka fito a fim ɗin rayuwarsu suka nuna, amma da sunayen taurarin da suke so. Ganda shi ne Edward G. Robinson, gajeren jarumin da ya yi suna da fim ɗin Little Caesar na 1931. Abokinsa ya zama Eddie Constantine, wani kuma Tarzan, budurwar da Ganda ke mafarkin samu ita ce Dorothy Lamour. Wani abin lura shi ne Robinson na ainihi ma ɗan ƙaura ne. A Romaniya aka haife shi a 1893 da suna Emanuel Goldenberg, sai da ya je Amurka ya sake suna.

An ɗauki fim ɗin ba tare da sauti ba. Bayan an haɗa hotunan ne aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana, yana faɗin abin da ke ransa: gajiyar dako, rashin kuɗi, burin zama zakaran dambe kamar Sugar Ray Robinson. A ƙarshen fim ɗin yana tafiya a bakin ruwa yana kwatanta yadda ake rarrafe da jefa gurneti a Indoshin. Wannan murya ita ce ran fim ɗin. Ya ci kyautar Louis-Delluc a Faransa, kuma matasan masu shirya fim irin su Jean-Luc Godard sun yaba masa matuƙa.

Sai dai fim ɗin na Rouch ne. Labarin Ganda ne, muryarsa ce, amma kyamarar tana hannun wani. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ya karɓi kyamara

Ganda ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar silima a Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, inda ya koyi aikin kyamara da rubuta labari. Gasar rubutun fim da aka shirya a 1968 ita ta haifar da fim ɗinsa na farko, Cabascabo, cikin harshen Zabarmanci. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ne kuma jarumin, tare da Zalika Souley.

Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗi a aljihu. Abokai da mata da maroƙa suka yi masa caa, kuɗin suka ƙare, kowa ya watse, har ya juya baya ga birni ya nufi daji neman abin yi. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa dawowa gida da guzurin shekara biyu ya ga ya narke cikin wata biyu zai gane kansa a ciki. An nuna fim ɗin a bikin Cannes a 1969, ya kuma samu kyauta a bikin Mosko a shekarar.

Daga nan ya juya kan al'ummarsa. Le Wazzou polygame ya ba da labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ta zama matarsa ta uku, kishi ya kai ga zubar da jini. A 1972 fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, Étalon de Yennenga, kuma shi ne fim na farko da aka taɓa ba wa wannan kyauta. Saïtane, wato Shaiɗan, ya tona asirin malamin tsibbu da ke kai-komo tsakanin attajiri da matar aure. Fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé na 1980, ya ɗauko tatsuniya ne kan nauyin alkawari.

Auren dole, kishiyoyi, masu fakewa da addini don cin dukiyar jama'a: batutuwan da finafinan Kano suka cika kasuwar Maraɗi da su tun shekarun 1990, Ganda ya riga ya ɗora su kan allo shekara ashirin kafin nan.

Abin da ya bari

Ganda ya rasu a Yamai ranar 1 ga Janairun 1981, sakamakon ciwon zuciya, bai kai shekara 50 ba. Babbar cibiyar al'adu ta Yamai, CCOG, sunansa take ɗauke da shi. FESPACO kuma na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya fi kowa a fim ɗinsa na farko. Rouch ya rayu har 2004, lokacin da ya mutu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni.

Duk da haka, saurayin Maraɗi zai iya lissafo finafinan Shah Rukh Khan goma bai taɓa ganin Cabascabo ba, domin finafinan Ganda sun fi sauƙin samu a ɗakunan ajiya na Turai fiye da a shagon tura fim na unguwa. Kyamarar da Ganda ya yi shekara goma kafin ya riƙe, yau tana aljihun kusan kowane ɗan kabu-kabu a Maraɗi.