Albert Einstein, ma'aikacin ofis da ya ce agogo ba ya tafiya daidai ga kowa

Jama'a, wannan makon tarihin Albert Einstein muka kawo muku. An haife shi a garin Ulm na Jamus ranar 14 ga Maris, 1879, iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa sana'ar kayan lantarki yake yi a Munich. Da jari ya karye a 1894, sai ya kwashi iyali zuwa Italiya neman abinci, irin tafiyar da mu nan ba sai an ba mu labarinta ba.

Yaron ya gama karatu a Zurich ta Suwizalan a 1900, ya nemi aikin koyarwa na dindindin bai samu ba. Sai a 1902 aka ɗauke shi a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Bern. Yana wannan aikin ne, a 1905, ya nuna cewa abin da ke tsananin gudu, agogonsa yana jinkiri idan an gwada shi da na wanda ke zaune. A 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin jan ƙasa ma yana rage wa agogo sauri, har haske yakan lanƙwasa. An gwada maganar hasken lokacin husufin rana na 1919 a tsibirin Principe, nan kudu da gaɓar tekunmu, aka samu haka ne.

Da Hitila ya hau mulki a 1933 bai sake komawa Jamus ba har abada, ya zauna a Princeton ta Amurka. Can ya rasu ranar 18 ga Afrilu, 1955, shekara 6 kafin mutum na farko ya je sararin samaniya.

To, 'yan sama jannati fa? Tasharsu tana nisan kusan kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Tsayin yana ƙara wa agogonsu sauri kaɗan, amma jinkirin da gudun ke jawowa ya rinjaya. Wanda ya yi wata 6 a can zai dawo ya fi tsaransa ƙuruciya da kusan kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya. Kun ga ke nan ba maganin furfura ba ne, ga ƙashi da tsoka suna raunana a can.

Inda lissafin ya shafe mu shi ne GPS na wayoyinmu. Taurarinsa sun fi tashar nisa sosai, don haka agogonsu gaba yake yi. Da ba a gyarawa, taswirar da direban tirela ke bi za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 kowace rana.