Nana Asma'u: Malamar da ta auna kalma kafin ta saka ta a baiti

Wanda ya taso daga Gawon Nama ya nufi tsohon garin Sakkwato, idan ya shiga Hubbaren Shehu, zai tarar da kabarin wata mace kusa da na mahaifinta. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a Ɗagel a shekarar 1793 tare da ɗan tagwaicinta Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma kowane harshe da mutanen da take nufi da shi. Larabci na malamai ne, Fulatanci na dangi da almajiran gida. Hausa kuwa ta tanadar wa matan karkara da bayin da aka kawo daga yaƙi, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba, kuma bori bai saki zukatansu ba. Waƙar da za a haddace da ka, a rera ta a bakin turmi, ba ta ɗaukar kalma mai nauyi. Shi ya sa baitocinta na Hausa suke tafiya da kalmomin yau da kullum da amsa-amo mai sauƙin riƙewa. Masu nazarin adabi na yau suna kiran wannan zaɓen kalmomi.

Hikimar ta wuce cikin baiti. Matan da ta horar su zaga ƙauyuka suna koyar da 'Yan Taru, ta laƙaba musu sunan jaji, wato mai jan gaban ayarin fatake. Ta kuma ɗora musu malfa, irin wadda Innar Gobir shugabar 'yan bori take sawa, ta naɗe ta da jan rawani. Tsohuwar alama ce aka ba ta sabuwar ma'ana, abin da manazarta ke kira alamtarwa.

Inda gwanintarta ta fi fitowa shi ne marsiyyar da ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837. Mutumin da ya ci yaƙin Gawakuke shekara guda kafin nan, ana tsammanin a cika waƙarsa da dawaki da takubba. Asma'u ta bar wannan duka, ta tsaya kan iliminsa da adalcinsa da tausayinsa ga talakawa. Da ta zo bayyana nata rashin, sai ta kamanta kanta da ɗan tsakon da uwarsa ta mutu ta bar shi yana kuka. 'Yar Shehu ce, matar Waziri, amma abin da ta zaɓa ya tsaya a madadinta shi ne mafi raunin abin da ke tsakar gida. Kowace mace a Kware ko Wurno ta san wannan kukan, ba ta bukatar mai fassara.

Haka ta yi wa maƙwabciyarta Halima marsiyya, mace marar sarauta, ta yaba mata kan zumunci da kirki.

Ta rasu a 1864. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta suka buga a 1997.