Orijen na Iskandariya: Malamin Nahawun da Ya Jera Littafi Mai Tsarki Sahu Shida

Duk ɗalibin kimiyyar harshe da ya taɓa zama da kwafi biyu na rubutu guda, misali tsohuwar waƙar ajami da hannaye daban-daban suka juya, ya san tambayar da ke tasowa idan baiti ya saɓa: wanne ne na asali, wanne ne zamewar alƙalami? Wannan tambaya ita ta cinye rabin rayuwar Orijen, malamin Kirista da ya rayu a Masar da Falasɗinu a ƙarni na 3 na miladiyya. Shi kuwa rubutun da ke gabansa shi ne wanda ya yi imani maganar Allah ce, wanda kuma aka sare kan mahaifinsa a kansa.

An haifi Orijen wajen shekara ta 185 a Iskandariya, birnin da a lokacin ba shi da na biyu wajen nazarin littattafan Girkanci. Yawancin labarin ƙuruciyarsa daga Yusibiyus na Kaisariya ya fito, masanin tarihin ikilisiya wanda ya rubuta shi bayan rasuwarsa da shekaru da dama, kuma mai ƙaunarsa ne ƙwarai. A ruwayarsa, mahaifin yaron, Liyonidas, yakan sa shi haddace wani yanki na Littafi Mai Tsarki kowace rana, yaron kuma yakan dame shi da tambayar abin da ke ƙarƙashin kalmomin. Wajen shekara ta 202, zamanin sarkin Rum Saftimiyus Seberus, aka kama Liyonidas saboda addininsa. Orijen, yana ɗan shekara 17 ko ƙasa da haka kaɗan, ya so ya bi shi su mutu tare. Mahaifiyarsa ta ɓoye masa tufafi duka, kunya ta hana shi fita. Aka kashe uban, hukuma ta ƙwace dukiyar gidan, aka bar matashin da uwa da ƙanne maza shida.

Abin da ya ciyar da su shi ne nahawu. A Iskandariya ta wancan zamani aikin malamin nahawu ya wuce koyar da suna da aikatau. Shi ne yake karanta wa ɗalibai waƙoƙin Homa, ya gyara kurakuran kwafi, ya warware baƙin kalmomi, ya tantance baitin da ake shakka. Wannan sana'a Orijen ya fara da ita, kuma ko da ya bar ta, kayan aikinta ba su bar hannunsa ba. Yana kusan shekara 18 bishop Dimitiriyus ya damƙa masa karantar da masu shirin shiga addini. Daga baya ya sayar da littattafansa na adabin Girka, da sharaɗin mai saye ya riƙa ba shi ƴan kuɗin abinci kullum, ya koma kwana a ƙasa da yawo ba takalmi. Wani attajiri mai suna Ambarosiyus, wanda Orijen ya janyo daga wata ƙungiya da ikilisiya ke ɗauka ta kauce hanya, shi ya ɗauki nauyin rubuce-rubucensa: ya ajiye masa marubutan sauri fiye da bakwai da suke karɓar juna yayin da yake shifta, da masu kwafi, da ƴan mata gwanayen kyautata rubutu. Sunansa ya kai har Yuliya Mamiya, mahaifiyar sarki Iskandar Seberus, ta aika aka kawo shi Antakiya don ta saurare shi. Wajen shekara ta 231 bishop-bishop na Falasɗinu suka naɗa shi dattijon ikilisiya ba da yardar Dimitiriyus ba, rigima ta tashi, ya bar Iskandariya ya tare a Kaisariya, inda ya yi sauran aikinsa.

Matsalar da ta fi damunsa ga yadda take. Kiristocin zamaninsa ba su karanta Tsohon Alkawari da Ibrananci. Da Girkanci suke karanta shi, cikin fassarar da ake kira ta Saba'in, wadda Yahudawan Iskandariya suka fara tun ƙarni na 3 kafin miladiyya. Idan aka zauna muhawara da malaman Yahudawa, Kirista ya kawo aya, sai a ce masa babu ita a Ibrananci, ko kuma ba haka take ba. Kuma sau da yawa gaskiya ne. Littafin Ayuba na tsohuwar fassarar ya gaza na Ibrananci da kusan kashi ɗaya cikin shida. Na Irmiya ya fi gajarta, surorinsa ma ba a jere ɗaya suke ba. Mai neman sauƙi da sai ya ce abokan muhawara ne suka taɓa nasu littafin, kamar yadda wasu magabatansa suka faɗa. Orijen ya zaɓi ya shimfiɗa bambancin gaba ɗaya a fili, kalma bayan kalma.

Abin da ya haifar shi ne kundin da ake kira Heksafla, wato mai ninki shida. Kowane shafi an raba shi sahu shida daga sama zuwa ƙasa, kowane layi kuma kalma ɗaya ce ta Ibrananci, ko biyu, da takwarorinta a gefe. Sahun farko Ibrananci ne da haruffansa. Na biyu Ibranancin nan ne dai, amma da haruffan Girkanci. Na uku fassarar Akila ce, wanda ya bi Ibrananci sau da ƙafa har Girkancinsa ya yi tauri. Na huɗu ta Simakus, mai neman daɗin Girkanci. Na biyar ta Saba'in. Na shida ta Tiyodotiyon. A Zabura ya ƙara wasu fassarori da ba a san masu su ba, ɗaya ma cikin tulu aka tsince ta kusa da Yariko. Wurin gyaran fassarar Saba'in kuwa sai ya ɗauko alamomin da masana Iskandariya suka ƙirƙiro don tace waƙoƙin Homa. Inda Girkanci ke da abin da babu a Ibrananci, ya sa ɗan layi a gefe, bai goge ba. Inda Ibrananci ke da abin da Girkanci ya rasa, ya cike gurbin daga sauran fassarorin, ya sa alamar tauraro. Mai karatu yana ganin abin da aka gada da abin da aka ƙara, hukunci kuma nasa ne.

Sahu na biyun nan ya cancanci a tsaya a kansa. Rubutun Ibrananci na lokacin baƙaƙe ne kusan zalla. Ɗigogin wasula da ake gani yau sai bayan ƙarnuka da dama malaman Yahudawa suka tsara su. Haruffan Girkanci kuwa dole su rubuta wasali. Saboda haka abin da ya saura na wannan sahu yana cikin tsofaffin shaidu kan yadda ake furta Ibrananci kafin zuwan ɗigogin. Yana da nasa naƙasu, domin Girkanci ba shi da haruffan wasu sautukan maƙogwaro, kuma yakan haɗa sautuka masu shuu da yawa a harafi guda. Wanda ya san yadda ajami ya yi fama da ɓ da ɗ da wasalin e na Hausa, da yadda boko ke barin tsawon wasali da karin sauti ba alama, ba zai yi mamaki ba.

Yadda yake tunani ya fi fitowa a musayar wasiƙa da wani masani Kirista, Yuliyus Afirkanus, kan labarin Suzana, wanda yake cikin littafin Daniyel na Girkanci amma babu shi a na Ibrananci. A labarin, dattawa biyu sun yi wa mace ƙazafi, Daniyel ya raba su ya tambayi kowanne ƙarƙashin wace bishiya ya gan ta. Kowanne ya ambaci bishiya daban, hukuncin da aka faɗa wa kowanne kuma yana wasa da sunan bishiyarsa: shinos da aikatau mai ma'anar tsagawa, firinos da aikatau mai ma'anar yankan zarto. Afirkanus ya ce wannan wasan kalma a Girkanci kaɗai yake tafiya, don haka da Girkanci aka ƙagi labarin, ba fassara ba ce. Hujja ce ta masanin harshe, mai ƙarfi kuwa. Orijen bai yi fushi ba. Ya ce ya tambayi Yahudawa sunayen bishiyoyin nan da Ibrananci, ba su iya ba shi tabbas ba, ya kuma nuna cewa mai fassara yana iya samo wani wasan kalma a harshensa don ya tsaya a madadin na asali. Wannan gaskiya ce da kowane tafinta ya sani: Bahaushe da zai juya labarin yana iya sauya bishiyoyin ya haɗa gawo da gawa, ko ƙirya da ƙarya, ba wanda zai ce don haka a Katsina ko Damagaram aka ƙagi labarin. Sai dai amsar ta nuna abin yana yiwuwa ne kawai, ba ta tabbatar da ya faru ba. Dalilinsa na ƙarshe na imani ne: bai yarda Allah zai bar ikilisiyoyi da gurɓataccen littafi ba. Har yau Katolika da Otodoks suna karanta Suzana cikin Daniyel, Furotesta kuma sun ware ta.

A Sabon Alkawari ma bai ɓoye saɓanin kwafe-kwafe ba. Cikin sharhinsa na Matiyu ya danganta shi ga sakacin wasu magatakarda da ƙarfin halin wasu masu gyara. A farkon Yohanna, inda kusan duk kwafin da ya gani suka ce a Betanya Yahaya yake baftisma, ya ce ya je wuraren da ƙafarsa, Betanya tana kusa da Urushalima, nesa da Kogin Urdun, don haka ya fifita Betabara. A nan masana na yau galibi ba su bi shi ba, sun tsaya kan shaidar kwafe-kwafen da shi kansa ya ruwaito. Wuraren da zahirin nassi ya ƙi shiga hankali kuwa, kamar kwanaki ukun farko na Farawa masu safiya da maraice alhali ba a halicci rana ba tukuna, ya ɗauke su tuntuɓe ne da aka dasa da gangan don mai karatu ya tsaya ya nemi ma'ana mai zurfi. Wannan hanya ta ba shi mafita daga wahalhalu da yawa, ta kuma ba shi damar ganin abin da yake so a cikin aya, wani lokaci fiye da kima.

Wajen shekara ta 248, yana da shekara sittin da ƴan kai, Ambarosiyus ya aiko masa da littafin wani masanin falsafa mai suna Selsus, wanda aka rubuta kusan shekara 70 kafin nan don rusa Kiristanci. Da farko bai so ya amsa ba, yana ganin shirun Yesu a gaban masu tuhumarsa ya isa misali. Da ya amsa kuwa, littattafai takwas ya cika. Selsus ya zargi Kirista da sake rubuta Linjila sau da yawa don gudun suka. Orijen ya ce mabiyan Markiyon da Balantinus ya sani da wannan aiki, kuma laifin mai ɓata littafi ba ya hawa kan littafin. Selsus ya raina Girkancin manzanni da ƙasƙancin sana'arsu. Orijen ya kwatanta Aflatun da mai dafa wa ƴan tsirarun masu hali, marubutan Linjila kuma da mai dafa wa jama'a. Ya ce mutanen da suka rubuta yadda Bitrus ya yi musun ubangidansa, alhali suna iya binne zancen, ba su yi kama da maƙaryata ba. Ya kuma amince cewa tabbatar da kowane tsohon labari abu ne mai wuya, ko da yaƙin Taruwada ne da Girkawa duka suka yarda da shi. Wani abin lura shi ne ya bi Selsus magana bayan magana, yana kawo zarginsa kafin ya amsa. Littafin Selsus ya ɓace. Kusan duk abin da aka sani game da shi a yau daga bakin abokin hamayyarsa ya fito.

A shekara ta 250 sarki Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumakan Rum. Aka kama Orijen, aka sa masa ƙarfe a wuya, aka miƙe ƙafafunsa cikin turu kwana da kwanaki. Alƙali ya kula kada ya mutu, domin ridda ake nema daga gare shi. Bai yi ba. Desiyus ya mutu a 251, aka sake shi jiki a karye, ya rasu wajen 254, a Taya aka ce kabarinsa yake. Bayan ƙarni uku wasu ra'ayoyinsa, kamar wanzuwar rayuka kafin haihuwa da fatan komawar dukan halitta ga Allah a ƙarshe, suka jawo masa hukunci: sarki Yustiniyan ya la'ance su a 543, sunansa kuma ya shiga jerin waɗanda aka tsine wa a majalisar Kustantiniya ta 553. Littattafansa da yawa sun salwanta.

Heksafla ma ba ta tsira ba, kuma ta bar baya da ƙura. Girmanta ya hana a kwafe ta sosai. Sahu na biyar aka riƙa juyawa shi kaɗai, magatakarda kuma suka riƙa zubar da ɗan layi da tauraro, har gyaran Orijen ya gauraye da tsohuwar fassarar da ya so ya kare. Ya kuma ɗauka Ibranancin da ke hannun Yahudawan zamaninsa shi ne wanda masu fassarar farko suka gani. Rubuce-rubucen da aka fara tonowa a Kumran a 1947 sun nuna akwai kwafin Irmiya na Ibrananci da ya dace da gajeren na Girkanci. Jerom ya yi amfani da ainihin kundin a ɗakin karatu na Kaisariya a ƙarshen ƙarni na 4, daga baya ya ɓace tare da ɗakin karatun. Fassarar sahu na biyar zuwa Suryananci da Bulus na Tella ya yi a 616 zuwa 617 ta adana alamomin da yawa. A 1896 Jobanni Markati ya gano a wani ɗakin karatu na Milan wasu fatu da aka kankare aka sake rubutu a kai. A ƙarƙashin sabon rubutun akwai ayoyin Zabura a jere sahu-sahu. Sahun haruffan Ibrananci babu shi a wurin, amma na biyu yana nan, da wasulansa.