Rajaji, Dattijon Da Ya Ja Da Nehru Kan Haraji Da Lasin

An haifi Chakravarti Rajagopalachari, wanda mutanen Indiya suka fi sani da Rajaji, ran 10 ga Disamba, 1878, a ƙauyen Thorapalli na kudancin ƙasar. Ya yi aikin lauya a garin Salem, amma bayan haɗuwarsa da Mahatma Gandhi cikin 1919 sai ya ajiye, ya shiga gwagwarmayar neman mulkin kai. Cikin 1930 ya ja ayarin jama'a a ƙafa zuwa bakin teku a Vedaranyam don su ɗebi gishiri, su karya dokar harajinsa, Turawan Ingila suka ɗaure shi.

Mukamai kam ya riƙe su. Ya yi Firimiyan Madras daga 1937 zuwa 1939, kuma shi kaɗai ne ɗan ƙasa da ya taɓa zama Gwamna-Janar na Indiya, daga 1948 zuwa 1950. Da ya koma shugabancin Madras cikin 1952 sai ya soke dokar ƙayyade rabon hatsi, ya bar kasuwa ta yi halinta.

Yana da shekara 80 ya raba gari da tsofaffin abokansa na jam'iyyar Congress. A wancan zamani, mutum ba shi da ikon kafa babbar masana'anta, ko faɗaɗa ta, ko shigo da kaya daga waje, sai da lasin gwamnati, ga kuma haraji mai karya ƙugu. Da Congress ta zartar a taronta na Nagpur, cikin Janairun 1959, cewa a haɗa gonakin manoma a riƙa noman tarayya, sai tura ta kai bango. A shekarar nan Rajaji da Minoo Masani da N. G. Ranga suka kafa jam'iyyar Swatantra, watau mai 'yanci. Suka bi gari gari suna bayyana wa jama'a cewa inda duk takardar izini ta zama dukiya, to, cin hanci ya sami wurin zama, kuma ƙaramin ɗan kasuwa shi zai fara jin jiki.

Abokan hamayya ba su raga masa ba. Sun kira Swatantra jam'iyyar sarakuna da attajirai, zargin kuwa yana da ƙamshin gaskiya, don kuwa Sarauniya Gayatri Devi ta Jaipur a ƙarƙashin tutarta ta ci zaɓe. Abin mamaki kuma, Rajaji ɗin nan ne ya ƙago harajin ciniki a Madras cikin 1939.

Jam'iyyar ta sami kujera 18 a Majalisar Wakilai cikin 1962, ta kai 44 cikin 1967, ta zama babbar jam'iyyar hamayya. Zaɓen 1971 ya bar ta da 8 kacal. Rajaji ya rasu ran 25 ga Disamba, 1972, yana da shekara 94, jam'iyyar kuma ta narke cikin wata a 1974. Sai cikin 1991 gwamnatin Narasimha Rao, ta Congress ɗin dai, ta soke yawancin lasin nan na masana'antu.