Muhammadu Bello, sarkin da ya nemi likita

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya tashi a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, ya yi karatu wajen mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Yana saurayi rigima ta ɓarke tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka yi ta yaƙi har Alkalawa ta faɗi a 1808. Bello ya gina Sakkwato a 1809. Da Shehu ya rasu a 1817, sai aka naɗa shi Sarkin Musulmi.

Labarin yaƙe-yaƙensa sananne ne. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne yadda ya damu da sha'anin magani.

A lokacin nan babu asibiti. Wanda ya kwanta ciwo, ko dai a kai shi wajen boka a ba shi sassaƙe da saiwa, ko wanzami ya yi masa ƙaho, ko ƴan bori su ce iskoki ne suka taɓa shi, ko kuwa malam ya yi masa rubutun sha. Kowa na ganin nasa ne daidai. Malaman jihadi sun hana bori, don suna ganin ya saɓa wa addini. To, amma hani kaɗai ba ya tayar da maras lafiya. Uwar da ɗanta ke kwance, in an rufe mata wata ƙofa, tilas a buɗe mata wata.

Nan ne Bello ya sa hannu. Ya karanta littattafan magani na Larabci, ya taƙaita su don malaman ƙasarsa. Ya rubuta littafi a kan ciwon ido. Ya rubuta wani a kan basur. Akwai ma wanda ya rubuta a kan filasko kaɗai, wato ɗan tsiron nan da ke fitowa a saurukan Galma da Madawa, wanda ake jiƙa ganyensa don wankin ciki. A nan bai yi kuskure ba. Likitocin zamani sun auna irin wannan ganye, sun ga lalle yana saki ciki, har ana yin ƙwayoyin magani da shi. Sai dai sun ƙara gano cewa shan sa kullum yana cutarwa, kuma ba a ba yaron da ke zawo.

A wani wurin kuwa littattafan ba su dace ba. Suna cewa jiki yana tafiya ne bisa zafi da sanyi da danshi da bushewa, in ɗaya ya rinjayi sauran sai ciwo ya kama mutum. Ilmin nan ya taso daga tsofaffin likitocin Girka, ya biyo ta hannun Larabawa. A zamanin Bello ko a Turai ba a san cewa ƙananan ƙwayoyin cuta ne ke haddasa annoba ba. Sai a 1897, shekara 60 bayan rasuwarsa, aka tabbatar sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro.

A 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Kilafaton ya iso Sakkwato. Da ma tare da likita suka ƙetaro hamada, amma likitan ya mutu a hanya kusa da Katagum. Bello ya karɓi baƙon, ya yi masa tambayoyi masu yawa. Da zai koma, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila. Cikin abubuwan da ya nema har da likita wanda zai zo ya zauna a Sakkwato. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga malami, ɗan malami, shugaban Musulmi, mai littattafan magani na kansa, amma bai ji nauyin neman ilmi wajen wanda ba addininsu ɗaya ba.

Bukatar kuwa a fili take. Kilafaton yana garin agana ta kashe wani ɗan Waziri Giɗaɗo. Alhali tun 1796 wani likita a Ingila, Jena, ya gano lambar da ke hana agana, ba ta dai iso ƙasar Hausa ba. Agana ta ci gaba da kisa da makantar da mutane har ƙarni na 20. Tabon nan da ke damtsen tsofaffi da yawa na Galma, na lambar agana ne. A 1980 aka ba da sanarwar cewa cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Ingila ta amsa roƙon. A 1825 Kilafaton ya sake tasowa, wannan karo ta bakin teku, tare da likitoci biyu. Ɗaya, Morison, zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar Yarbawa. Ɗayan, Dikson, ya bi ta Dahomai, ba a sake ganinsa ba. Kilafaton ya iso a 1826 ba likita, sai littattafan Larabci da ya kawo wa Bello kyauta, har da na Ibn Sina, babban likitan nan na da. Ya tarar ana gaba tsakanin Sakkwato da Barno, ga shi kuma yana ɗauke da kyautar Shehun Barno. Bello ya hana shi wucewa, aka ƙwace kayan, zumuncinsu ya yi sanyi. Ciwo ya kwantar da Kilafaton, ya mutu a watan Afrilu na 1827, aka binne shi kusa da Sakkwato.

Bello ya ƙara shekara 10 a kan mulki, yana rubutu, yana yaƙi. A 1836 ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali. Bayan haka ne Gobirawa suka kafa Tsibiri. A watan Oktoba na 1837 ya rasu a Wurno bayan jinya, aka binne shi a can. Har ya bar duniya likitan da ya nema bai zo ba.