Tirumalai Krishnamacharya (1888-1989): Malamin Yoga Tsakanin Fada da Almajirai

Gabatarwa

Yoga wani daɗaɗɗen fanni ne na ƙasar Indiya wanda ya ƙunshi horar da jiki, da sarrafa numfashi, da tattara hankali wuri guda. Kalmar ta fito ne daga harshen Sansikirit, kuma asalin ma'anarta haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa da karkiya. Ƙarnuka masu yawa wannan ilmi yana hannun malamai da masu gudun duniya na addinan Indiya, musamman addinin Hindu, ana miƙa shi daga malami zuwa almajiri. Sai a ƙarni na 20 ne ya zama darasin da ake shiga aji a koya, har mutum ya ci abinci da shi. Cikin waɗanda suka kawo wannan sauyi, da wuya a sami wanda ya kai Tirumalai Krishnamacharya. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa ne da nufin duba wata tambaya da ta shafi kowane ɗalibi, watau idan mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman ilmi, mene ne zai riƙe shi, kuma mene ne zai riƙe ilmin bayan ransa?

Haihuwarsa da Neman Ilminsa

An haifi Krishnamacharya ran 18 ga Nuwamba, 1888, a wani ƙauye da ke lardin Chitradurga cikin masarautar Maisur, a kudancin Indiya, wadda yanzu take cikin jihar Karnataka. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa mai karantar da littattafan Veda ne, kuma a hannunsa ya fara karatu. Yana da shekara 10 mahaifin ya mutu, sai iyalin suka koma birnin Maisur, inda wani kakansa yake shugabancin wata babbar zawiyar Hindu mai suna Parakala. A can ya ci gaba da karatun nahawun Sansikirit da mantiƙi.

A shekarar 1906, yana da shekara 18, ya tafi Banaras, birnin da ke bakin kogin Ganga, wanda shi ne matattarar malaman Hindu. Irin wannan tafiya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Yaron da ya saɓi allonsa daga ƙauye irin Tozai ta ƙasar Illela ya nufi gabas, yana sauka gun wannan malami ya tashi zuwa gun wancan, shi ma abin da yake yi ke nan. Haka Krishnamacharya ya yi ta zagaya garuruwan arewacin Indiya shekara da shekaru, har ya karanci mazhabobi shida na falsafar Hindu, waɗanda yoga ɗaya ce daga cikinsu. Bugu da ƙari ya koyi Ayurveda, watau ilmin magani na gargajiyar Indiya.

Bisa ga abin da ya faɗa wa 'ya'yansa da almajiransa, daga baya ya hau duwatsun Himalaya, ya zauna fiye da shekara bakwai wajen wani malami mai suna Ramamohana Brahmachari, a kusa da dutsen Kailash na ƙasar Tibet. A al'adarsu, almajiri yakan biya malaminsa lada idan ya sauke karatu. Wannan malami bai nemi kuɗi ko tufa ba. Ladan da ya yanka masa shi ne ya koma gida, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya kuma karantar da yoga. Wannan sharaɗi shi ne ya tsara sauran rayuwarsa.

Wahalar Neman Abinci

Sharaɗin yana da nauyi. Mutum mai irin karatunsa yana iya samun babban muƙami a makaranta ko zawiya, amma a wancan zamani malamin yoga ba shi da albashi, ba shi kuma da wata daraja a idon masu ilmin boko na Indiya, waɗanda da yawansu suke ganin yoga aikin mabarata ne da masu dabo a kasuwa. A shekarar 1925 ya auri Namagiriamma. Da nauyin iyali ya hau kansa, sai ya kama aikin duba leburori a wata gonar gahawa da ke lardin Hassan. A lokutan da ya sami sarari yakan zaga garuruwa yana lacca yana nuna gwanintar jiki don ya jawo hankalin jama'a. A wajen irin wannan nuni ne a Hassan, a 1927, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Pattabhi Jois ya gan shi, ya nemi ya zama almajirinsa.

Zaman Fada

Sauƙi ya zo masa ta hannun Sarkin Maisur, Krishnaraja Wadiyar na Huɗu, sarki mai son ilmi da motsa jiki. A 1931 aka ɗauke shi karantarwa a Kwalejin Sansikirit ta Maisur, kuma a 1933 aka buɗe masa makarantar yoga a fadar Jaganmohan. Mafi yawan ɗalibansa samari ne, cikinsu har da 'ya'yan gidan sarauta. Saboda haka ya tsara musu darasi mai ƙarfi, inda ake fita daga wannan tsayuwa a shiga waccan ba tare da yankewa ba, kowane motsi yana tafiya da shaƙar numfashi ko fitar da shi. Masu bincike na baya, irin su Norman Sjoman da Mark Singleton, sun nuna cewa wannan tsari ya yi cuɗanya da wasannin 'yan kokawa na Indiya da kuma motsa jiki irin na Turawa da ake yi a fadar. Wannan yana nuna cewa malamin ya duba ɗaliban da ke gabansa ne, ya ɗinka musu riga daidai wuyansu.

Da kuɗin Sarki ya wallafa littafinsa Yoga Makaranda a 1934, cikin harshen Kannada. A wannan shekara ce ƙanin matarsa, B.K.S. Iyengar, yaro mai yawan ciwo, ya zo gidansa ya fara koyo. Iyengar ya ba da labarin cewa malamin mai zafi ne ƙwarai, ɗalibai suna shakkarsa. A 1937 ya tura shi birnin Pune ya karantar. A ƙarshen shekarun 1930 kuma wata Baturiya haifaffiyar birnin Riga, wadda aka sani da suna Indra Devi, ta nemi ya koya mata. Da fari ya ƙi, domin mace ce kuma baƙuwa, sai da Sarki ya sa baki. Da ya ga ta jure wa horon da ya gindaya mata, ya karantar da ita, ya kuma umarce ta da ta je ta karantar da wasu.

Rushewar Majingina

Kowane ilmi da ya dogara ga fada, ƙarfinsa yana tare da ƙarfin fadar. Sarki Krishnaraja ya mutu a 1940. A 1947 Indiya ta sami mulkin kai, ikon sarakuna ya koma hannun 'yan siyasa, kuma sabuwar gwamnatin Maisur ba ta ga dalilin kashe kuɗi a kan makarantar yoga ba. A 1950 aka rufe ta. Ga shi ya haura shekara 60, ga iyali, ba makaranta, ba albashi. A farkon shekarun 1950 ya ƙaura zuwa Madaras, birnin da yanzu ake kira Chennai, ya zauna cikin ƙunci, yana karantarwa a Kwalejin Vivekananda, yana kuma karɓar mutane ɗai-ɗai.

A nan ne koyarwarsa ta sake kama. Masu zuwa wurinsa yanzu ba samarin fada ba ne. Akwai tsofaffi, da mata, da masu asma, da masu ciwon baya. Sai ya haɗa yoga da abin da ya sani na magani, yana duba shekarun mutum, da lafiyarsa, da sana'arsa, da addininsa, kafin ya yanka masa darasi. Zafin da aka san shi da shi a Maisur ya ragu. Abin da ya ɗauka faɗuwa ce, shi ya fito da ƙa'idar da aka fi tunawa da shi a kanta, watau a daidaita darasi da ɗalibi maimakon a tilasta ɗalibi ya daidaita da darasi.

Almajiransa da Mutuwarsa

Krishnamacharya bai taɓa ƙetare teku ba, amma almajiransa sun kai ilminsa nesa. Indra Devi ta buɗe makaranta a Holiwud ta Amurka a ƙarshen shekarun 1940. Iyengar ya shiga Turai ta hanyar mashahurin makaɗin nan Yehudi Menuhin, wanda suka haɗu a 1952, kuma littafinsa Light on Yoga na 1966 ya zama abin dogaro ga masu koyo a ƙasashe da dama. Pattabhi Jois ya riƙe tsarin Maisur mai ƙarfi, wanda ake kira Ashtanga. Ɗansa na cikinsa, T.K.V. Desikachar, ya ajiye aikin injiniya ya zauna gaban mahaifinsa, kuma a 1976 ya kafa cibiyar Krishnamacharya Yoga Mandiram a Madaras. Duk da cewa hanyoyin waɗannan mutane huɗu sun bambanta, malami ɗaya ne ya yaye su, kowanne a lokaci daban na rayuwarsa.

Yana da shekara 96 ya karye a ƙugu, ya ƙi yarda a yi masa tiyata, ya ci gaba da karantarwa daga gida. Ya mutu a Madaras ran 28 ga Fabrairu, 1989, yana da shekara 100. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara domin yoga.

Kammalawa

An ga yadda Krishnamacharya ya shafe shekaru yana yawon neman ilmi, ya koma duba leburori a gona, ya sami inuwar fada, inuwar kuma ta gushe. Makarantar da Sarki ya buɗe masa shekara 17 kacal ta yi. Abin da ya wanzu shi ne ladan da malaminsa ya yanka masa, watau ya zauna cikin jama'a ya karantar. Ɗalibin kowane fanni da yake jiran gwamnati ko wani mai hali ya raya masa ilminsa yana da abin lura a nan. Majingina tana da amfani, domin da ba don Sarkin Maisur ba, da wataƙila malamin ya tsufa a gonar gahawa. Amma ranar da aka rufe ƙofar fadar Jaganmohan, ilmin bai rufu a ciki ba, saboda ya riga ya shiga ƙirjin almajirai.