Waliyyi Yohanna na 23, Ɗan Gandun Roncalli

Duk ranar 11 ga Oktoba Ikilisiya takan tuna da Paparoma Yohanna na 23, wanda ya buɗe Majalisar Vatican ta Biyu a irin wannan rana a shekarar 1962. Da yawa cikinmu ba mu san shi ba sai ta wannan majalisa, wadda ta buɗe hanya har muke yin Misa da harshenmu. A nan muna so mu bi sawunsa zuwa gidan da ya fito, gama mun gaskata ba za a fahimci mutumin nan ba sai an san danginsa.

Zuriyar Roncalli ta sauko daga kwarin Imagna a ƙarni na 15, ta zauna a Sotto il Monte, wani ƙauye a gindin dutse kusa da Bergamo, a arewacin Italiya. Kakansu na farko a wurin, Martino, ya gina gidan da har yau ake kira Camaitino. Da tafiya ta yi nisa gidan ya fita daga hannunsu, jikoki suka koma noma a ƙasar wani. Gonar ta iyalin Morlani ce, masu sarauta a Bergamo, kuma in kaka ta yi sai a raba amfani biyu, rabi na mai ƙasa, rabi na wanda ya yi gumi. Suna noman masara da alkama da inabi, suna kiwon tsutsar siliki. Tsarin gidan kuwa duk wanda ya tashi a gandu zai gane shi: kakanni da 'ya'ya da jikoki, kusan mutum talatin, tukunya ɗaya, abincin yau da kullum tuwon masara, nama sai ranar idi.

A cikin wannan gida aka haifi Angelo Giuseppe ranar 25 ga Nuwamba, 1881. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya 13 na Giovanni Battista Roncalli da Marianna Mazzola, kuma namiji na fari. A ranar aka yi masa baftisma. Uban baftismarsa Zaverio ne, ɗan'uwan kakansa, dattijon da bai taɓa aure ba, wanda yake shugaban gandun. Shi yake jan Rosari kowace maraice, shi ya koya wa yaron addu'o'insa na fari. A ganinmu wannan tsoho, wanda bai riƙe wani muƙami ba a duniya, shi ne seminarin farko na Paparoma.

Sakin ɗan fari ya tafi karatu ba ƙaramar hasara ba ce ga manomi mai bukatar hannu a gona. Angelo ya fara Latin wurin wani Fada a ƙauyen Carvico, ya yi ta takawa da ƙafa zuwa makarantar Celana inda bai yi wani abin kirki ba, sa'an nan ya shiga seminarin Bergamo a 1892. Wani firist daga cikin iyalin Morlani, wato masu gonar, shi ya taimaka da kuɗin makaranta. Hutu a gida bai zo masa da sauƙi ba, domin a gida mai yawa ba a rasa masu ganin an fifita ɗaya an bar saura da fartanya. Waɗanda suka yi seminari a cikinmu sun san wannan kallo. Ranar 10 ga Agusta, 1904, aka keɓe shi firist a Roma, iyayensa ba su je ba saboda rashin kuɗin jirgin ƙasa. Sai ranar 15 ga watan, Idin Ɗaukar Maryamu zuwa Sama, suka ga ɗansu a gaban bagadin ƙauyensu.

Daga nan aiki ya ɗauke shi. Ya yi sakataren Bishop na Bergamo, ya yi hidimar majinyata a Yaƙin Duniya na Farko, ya zama Bishop a 1925 aka aika shi Bulgeriya, daga can Turkiyya da Girka, sai Faransa a ƙarshen 1944, sai Venis a 1953 yana Kadinal. Duk tsawon shekarun nan wasiƙunsa ba su yanke da gida ba, yana tambayar lafiyar yara da damina da bashi. A 1919 iyalin suka ci bashi suka sayi gonar Colombera da suka daɗe suna noma wa wasu, shi ma ya sa hannu. Daga 1925 ya riƙa hayar ɗakuna a Camaitino, tsohon gidan Martino, domin hutunsa, 'yan'uwansa mata Ancilla da Maria suna lura da wurin. Amma da mahaifinsa ya rasu a 1935, da mahaifiyarsa a 1939, aiki ya tsare shi a ƙasar waje, bai ga jana'izar ko ɗayansu ba.

Ranar 28 ga Oktoba, 1958, yana da shekara 76, aka zaɓe shi Paparoma. Sunan da ya ɗauka na mahaifinsa ne, na majami'ar ƙauyensu kuma. A zamaninsa Kaduna ta zama babbar dayosis a 1959, kuma shi ya naɗa Laurean Rugambwa na Tanganyika Kadinal a 1960, baƙar fata na farko daga Afirka.

Ga abin da ya fi tsaya mana a rai. A tarihin Roma an sha ganin dangin Paparoma sun sami sarauta da filaye. 'Yan'uwan Yohanna maza, Zaverio da Alfredo da Giuseppe, sun zo bikin naɗinsa, suka koma gonarsu yadda suka zo. Ba wai ya juya musu baya ba ne, gama ya taimake su a kan rashin lafiya da bukata ta gaskiya. Abin da ya ƙi shi ne ya fitar da su daga matsayinsu da dukiyar Ikilisiya, har ya rubuta wa Zaverio doguwar wasiƙa a Disamba 1961 yana bayyana dalilinsa, yana roƙon kada a ɗauka rashin ƙauna ce. Kowane firist, da kowane ma'aikaci da dangi suka zuba wa ido, ya san nauyin rubuta irin wannan wasiƙa ga ɗan'uwan da ya zauna a gona domin shi ya yi karatu.

Ciwon dajin ciki, wanda ya riga ya ɗauke wasu 'yan'uwansa, shi ya kama shi. Ya rasu ranar 3 ga Yuni, 1963, bayan 'yan'uwan nan uku da ƙanwarsa Assunta sun zo daga ƙauye sun tsaya a gefen gadonsa. An sanar da shi mai albarka a 2000, waliyyi kuma ranar 27 ga Afrilu, 2014. A 2018 aka ɗauki gawarsa daga Majami'ar Waliyyi Bitrus aka kai ta Bergamo da Sotto il Monte, ta yi 'yan makonni a tsakanin jikokin 'yan'uwansa kafin a mayar da ita Roma.